Yadda Ake Tayar da Tsohon Babur ɗin Daji, da Yadda Ake Tsare Shi Daga Ɓarayi

Babur ɗin daji, irin dogon nan mai tayoyi masu haƙora da aka ƙera domin yashi da taɓo da duwatsu, da wuya ya zo hannu na biyu da cikakkiyar lafiya. Domin wahala aka yi shi, kuma wanda ya fara hawansa ya riga ya ba shi rabonsa. Sa'ar da aka yi ita ce injinsa silinda ɗaya ne, komai nasa a fili yake, wanda bai taɓa kwance inji ba ma zai iya tayar da shi in ya bi a hankali. Na sha yin wannan aiki a kan irin su Honda XR da CRF, Yamaha DT da YZ, da Suzuki DR, kuma tsarina ba ya canzawa: a fara tabbatar da cewa babur ɗin na halal ne, a bi gyara daga mai sauƙi zuwa mai wuya, sannan a yi masa tanadin tsaro tun yana kwance. Da gangan na haɗa gyara da maganar sata, domin ranar da ka gama gyaran nan babur ɗin ya yi kyau, ranar ce idon ɓarawo zai fara sauka a kansa.

Kayan aikin da za ka tanada

Saitin sifana da soket masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da babba guda da zai kama notin taya, da saitin alanki. Sifanar fulogi, filaya, gudumar roba, tocila. Sukundireba mai kyau, kuma a nan ka lura: sukurorin baburan Japan, musamman masu ɗan ɗigo a ka, tsarin JIS ne, sukundireba mai baki huɗu na yau da kullum zamewa yake yi ya cinye kansu. In ba ka sami na JIS ba, nemi irin wanda ake bugawa da guduma. Sai sifana mai awon ƙarfin ɗauri, siraran ƙarafan auna tazara, mitar auna wuta, da ma'aunin matsin inji in zai samu. Abin ɗora babur domin tayoyi su bar ƙasa. Kututture ko akwati mai ƙarfi zai wadatar.

Na zubawa da shafawa: baƙin mai na babur, man bugu biyu, wato wanda ke ƙonewa tare da fetur, in injinka irin wannan ne, man birki, ruwan lagireto, giris, man iyakilina (wato matatar iska), feshin wanke kafireto, kananzir, tsummoki. Sabon fulogi tun farko. Ledoji da alƙalami domin ka ware notuna ka rubuta inda kowanne ya fito, da waya mai kyamara. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk sauran, shi ne littafin gyara na ainihin samfurin babur ɗinka da shekararsa. Duk adadin da zan ambata a ƙasa abin da aka saba gani ne, in ya saɓa da littafinka, littafin za ka bi.

Mataki na 1: Lamba da takardu, kafin kuɗi su bar hannunka

Durƙusa ka haska wuyan babur ɗin, wato bututun shasi da kan babur ke juyawa a cikinsa, galibi ta dama. A nan ake buga lambar shasi. Tun 1981 aka daidaita ta zuwa haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa I da O da Q a cikinta domin kada su rikice da 1 da 0. Baburan da suka girmi wannan shekara, da wasu da aka yi domin kasuwar cikin Japan, lambarsu ta fi haka gajarta, wannan ba laifi ba ne. Abin da kake nema shi ne alamar taɓi. Karkata tocila hasken ya kwanta a kan ƙarfen, ka shafa da ɗan yatsa. Lambar kamfani a jere take, zurfinta ɗaya. In ka ji wurin ya lotsa, ko ka ga sawun gurza, ko sabon fenti a wannan wurin kaɗai, ko wani harafi ya karkace ya fi 'yan uwansa zurfi, tashi ka tafi. Haka za ka duba lambar inji a jikin murfin ƙasa. Ana canza inji ta hanyar halal, amma sai mai sayarwa ya nuna rasit ɗinsa.

Baburan tsere da yawa ba su da rajista ko lambar hanya, don haka rashin takardar rajista kaɗai ba hujja ba ce. Sai ka nemi rasit na asali, ka ga katin shaidar mai sayarwa, ka kuma je inda yake zaune, kada ka yarda da haɗuwa a bakin titi da dare. Tambaye shi yaushe aka canza fistin, wane mai yake zubawa. Mai abu zai amsa har ya wuce abin da ka tambaya, wanda ya ɗauko kuwa kame-kame zai yi. Wurin makulli da aka fasa, gaggawar sayarwa, da farashin da ya faɗi ƙasa warwas, duk alamu ne. Araha ba ta ado. Kai lambar ofishin 'yan sanda a duba maka. A wasu ƙasashe ana iya dubawa ta intanet, kamar Amurka inda ƙungiyar NICB ta masu inshora ke da shafin duba lambar shasi mai suna VINCheck kyauta, kuma Interpol na da rumbun bayanan ababen hawa da aka sace wanda 'yan sanda ke iya tambaya. In ka sayi na sata, ranar da aka gano za a karɓe shi a mayar wa mai shi, kuɗinka da wahalar gyaranka su tafi, ƙila ma a tuhume ka da karɓar kayan sata.

In komai ya yi daidai, ku rubuta yarjejeniya: sunayenku, kwanan wata, lambar shasi da ta inji, adadin kuɗi, sa hannu da shaida. Ɗauki hotonta nan take.

Mataki na 2: Wanka da dubawa

Toshe bakin salansa, ka rufe akwatin iska, ka wanke babur ɗin tas. Kada ka auna ruwa mai ƙarfi kai tsaye a kan boris ko wayoyi. Da ya bushe, bi shasin da tocila kana neman tsagewa, musamman a wuya, wajen matakan ƙafa da duk inda aka taɓa yin walda. Shasin da ya tsage a wuya ko ya karkace ba aikin sabon hannu ba ne, ka tsaya nan ka nemi ƙwararre kafin ka kashe kuɗi a kan sauran. Daga nan ka ɗauki hoton kowane ɓangare kafin ka kwance shi.

Mataki na 3: Baƙin mai da ruwa

Kada ka buga kik tukuna. Kwance notin ƙasa ka tari tsohon mai a kwano mai tsabta, ka kai shi rana ka duba. Ɗan ƙyalli kaɗan ba komai, amma gutsattsarin ƙarfe da za ka iya ji a yatsa na nufin akwai abin da ke ci a ciki. In man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ne ya shiga, ko dai sil ɗin famfon ruwa ya mutu ko gasket ɗin kan inji. Zuba sabon mai wanda aka rubuta JASO MA ko MA2 a jikinsa, galibi 10W-40. Man mota yana ɗauke da sinadaran rage gogayya da ke sa kulocin babur zamewa, domin kulocin a cikin man yake wanka. Canza matatar mai in akwai.

Abu biyu ke rikita sabon hannu a nan. Wasu baburan kamar XR400 da DR-Z400 a cikin shasi suke ajiye mansu, sai inji ya yi aiki na 'yan mintoci ake auna shi, in ka auna a sanyi za ka ga kamar babu ka cika har ya yi yawa. Wasu tsofaffin CRF na tsere kuma wurin mai biyu gare su, na inji daban na giya daban. Wajen mayar da notin ƙasa, fara da hannu, ka ƙarasa da sifana mai awo. Zaren alminiyom ne, ɗan wuce gona da iri ya isa ya tsige shi. In injin na ruwa ne, buɗe lagireto a sanyi, zubar da tsohon ruwa, ka matsa tiyo ka ji ko ya tsufa.

Mataki na 4: Iyakilina

Ciro sosonsa. In yana marmashewa a hannu, ya gama, sayi sabo. Shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan soson, wanda ya nufi kafireto. In ka ji ƙura ko yashi a can, injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa, ka sa ran lalacewa a mataki na 7. Soso mai rai kuwa, wanke shi, bar shi ya bushe sarai, jiƙa shi da man iyakilina, ka matse ba tare da murɗawa ba, ka shafa giris a bakin da yake zama. In babu man iyakilina, baƙin mai zai riƙe ka na ɗan lokaci, sai dai yana tsiyayewa da wuri.

Mataki na 5: Tanki da kafireto

Yawancin baburan da ake cewa sun mutu, a nan cutarsu take. Fetur ɗin da ya yi watanni a zaune yana tsami ya zama danƙo, ya toshe ƙananan hanyoyi. Yi wannan aiki a fili, nesa da wuta da taba.

Juye tsohon fetur duka. Tankin roba ɗauraya kawai yake so. Na ƙarfe mai tsatsa, zuba kananzir da ɗan tarin notuna ka girgiza sosai, ka ƙirga notunan wajen shiga da wajen fita, ka ɗauraye har ya fito garau. Kwance famfon mai na ƙasan tanki ka wanke ragarsa, ka canza tiyo in ya ƙandare.

Ciro kafireto, juya shi, ka kwance kofin ƙasa. Warin da zai buge ka da koren dattin da ke manne a gindin kofin su ne amsar abin da ya hana babur tashi. Za ka ga abin da ke yawo a kan mai da 'yar allurar da yake rufewa, da jet guda biyu na farin tagulla: babba a tsakiya, ƙarami siriri a cikin wani rami kusa da shi. Ƙaramin shi ne mai kula da tashi da silo, wato aikin inji a tsaye ba a murɗa totur ba, kuma shi ke fara toshewa. Kwance shi da sukundireban da ya cika bakinsa daidai, domin tagulla ba ta da ƙarfi. Fesa shi, ka busa, sannan ka ɗaga shi sama ka leƙa ta ciki. Ya kamata ka ga ɗan ɗigon haske zagayayye, tsaf, da ƙananan hudoji na gefe duk a buɗe. In hasken ya dushe ko ya yi gefe, da sauran aiki. Kada ka soka allura ko wayar ƙarfe, za ta faɗaɗa ramin, babur ya riƙa shan mai har abada. In dole sai an soka, zare silin waya mai laushi guda na tagulla. In ya ƙi, sabon jet mai lamba ɗaya da tsohon ya fi sauƙi.

Kafin ka cire sukurun daidaita haɗin mai da iska na silo, murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, kana ƙirga zagaye, ka rubuta. Galibi ɗaya da rabi zuwa biyu ne. Kada ka matse shi, bakinsa tsini ne mai karyewa. Fesa kowane rami ka tabbatar feshin ya fita ta wani wuri, idonka a kare. In bakin allurar rufe mai ya yi zobe, canza ta, ita ke sa fetur zuba ta ƙasa. Duba robar da ke haɗa kafireto da inji, tsagewa a nan na shigar da iskar da ba a auna ba. Sababbin baburan tsere, tun wajen 2008 zuwa 2010, sun fara komawa injekta. A irin waɗannan famfon mai na cikin tanki da matatarsa za ka duba.

In injinka mai bugu biyu ne, gane yadda yake samun mai. Irin su DT na da tankin mai daban da famfo, irin su YZ kuwa a cikin fetur ake haɗawa. Awon 40:1 na nufin mililita 25 na mai a lita guda ta fetur, 50:1 mililita 20, 32:1 kimanin 31. Fetur zalla a injin da ake haɗa wa mai, cikin mintoci zai kama fistin. In ba ka amince da famfon ba tukuna, haɗa ɗan mai a fetur ɗin farko har ka ga man tankin na raguwa.

Mataki na 6: Wuta

Sa sabon fulogi a hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogi, ka buga kik a inuwa. Tartsatsi shuɗi mai ƙara kake so. Tazarar bakin fulogi galibi tsakanin 0.6 da 0.8 na milimita take. In babu wuta, kada ka ruga sayen kwayil. Fara cire wayar maɓallin kashewa da ke kan hannu, shi ne mai laifi sau da yawa. Sannan duba hular fulogi, wayar da ke ɗaure da shasi, da mahaɗan da suka yi kore. Sai waɗannan sun fita za ka auna kwayil da mita ka gwada da littafi. Mai batir, cikakke yana nuna kimanin volt 12.6, in inji na aiki kuma 13.5 zuwa 14.5.

Mataki na 7: Matsi, bawul da fistin

Ɗaura ma'auni a ramin fulogi, buɗe totur gaba ɗaya, ka buga kik har allura ta daina hawa. Inji mai bugu biyu da ya kasa kai 100 psi a ma'aunin zai wahalar da kai wajen tashi. Masu bugu huɗu da yawa suna da abin rage matsi domin sauƙin kik, don haka awonsu kan fito ƙasa ko da lafiyarsu lau. In babu ma'auni, tura kik da hannu: ya kamata ya cije a wani wuri, in ya sauka salalam babu matsi. Ɗiga ɗan baƙin mai a ramin ka sake gwadawa. In matsi ya ƙaru, ringi ne, in bai motsa ba, ka zargi bawul ko gasket.

A mai bugu huɗu, auna tazarar bawul da inji a sanyi, fistin na sama a bugun matsi. Bawul ɗin da ya matse shi ne sanadin babur da ke ƙin tashi da sanyi, kuma in aka bar shi ƙonewa yake. Masu sukuru da noti a gida ake daidaita su. Masu ƙwayar ƙarfe sai an ciro kam, wato sandar da ke buɗe bawul, in hannunka bai faɗa ba ka kai wa bakanike wannan kaɗai. A mai bugu biyu, cire salansa ka haska ramin: layuka a tsaye a jikin fistin na nufin sai an buɗe.

In za ka canza fistin, da ka ɗaga silinda ka cusa tsumma mai tsabta a bakin ramin ƙasa, domin in ɗan zoben fil ya faɗa ciki sai an raba inji biyu. Kama sandar fistin ka ja sama da ƙasa. Ɗan motsi gefe da gefe daidai ne, motsi sama da ƙasa kuwa kiransha, wato ƙarfen ƙasan inji da sandar ke juyawa, ta tafi, sabon fistin ba zai cece ta ba. Kibiyar kan fistin galibi salansa take kallo. A mai bugu biyu, bakin ringi dole ya zauna a kan ɗan fil ɗin da ke cikin ramin ringin, in silinda ta ƙi shiga kada ka tilasta, ringin ne ya goce. Sabbin zobba, sabon gasket, kullum. Notunan kan inji a ɗaure su gicciye, kaɗan-kaɗan, da awo.

Mataki na 8: Tashin farko

A waje, ba cikin rufaffen ɗaki ba, hayaƙin inji na kisa ba tare da wari ya gargaɗe ka ba. Buɗe mai, ja cok, kada ka taɓa totur, nemo inda kik ya cije, ka buga har ƙasa. Da ya kama, saurara. In silo ya haura sama ya ƙi sauka, iska na shiga ta wani wuri, kashe shi ka nemo, domin mai bugu biyu a wannan hali ƙonewa yake. In an sa sabon fistin, bar shi ya ɗumama ya huce sau biyu ko uku kafin hawa, tankin farko kuma a bi shi a hankali. Bayan ɗan zagaye ciro fulogi: ruwan ƙasa daidai, baƙi mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan, kuma wannan na ƙarshe shi ne mai haɗari.

Mataki na 9: Birki, sarƙa da ƙafafu

Daɗin jin ƙarar inji kan sa mutum ya tsallake wannan mataki, alhali shi ne mai riƙe da ranka. Takalmin birki da ya kusa milimita 1 a canza shi. Man birki yana shan ruwa daga iska, a sabunta shi duk shekara biyu da irin da aka rubuta a murfi, yawanci DOT 4, kada a gauraya da DOT 5, kuma yana cin fenti. In hannun birki ya yi laushi, iska ce a ciki, a fitar da ita.

Ja sarƙa daga bayan siforoket. In ta ɗago har ka ga rabin haƙori, ko haƙoran sun yi tsini sun lanƙwashe, canza sarƙa da siforoket biyu tare. Ɗan maƙallin mahaɗin sarƙa, rufaffen bakinsa ne ke kallon inda sarƙar ta nufa. Sarƙar babur ɗin daji tana son sassauci fiye da ta babur ɗin titi, sau da yawa milimita 35 zuwa 60, domin ƙafar baya na tafiya mai nisa. Wanda ya ɗaure ta tam zai kashe boris ɗin giya.

Ɗaga babur, girgiza kowace taya gefe da gefe, ka juya kan babur ka ji ko yana maƙalewa a tsakiya, ka ɗaga tayar baya ka ji ko akwai ƙwas-ƙwas. Duk wannan boris ne, wanda ya bushe a wanke a cika giris, wanda ya yi tsatsa a canza. Buga wayoyin taya da sifana ɗaya bayan ɗaya, mai ƙara sak lafiya, mai amsawa dum ya saki. Shokozoban gaba da ke zubar da mai, gwada zura siririyar roba a ƙarƙashin sil ka zagaya ka fito da datti, sau da yawa shi ke nan. Iskar taya a daji 12 zuwa 15 psi. Totur ya koma da kansa ko ta ina ka juya kan babur. Hular kwano kafin gwajin farko.

Mataki na 10: Tsaro tun yana kwance

Babur ɗin daji, musamman na tsere, galibi bai wuce kilo 100 zuwa 120 ba, mutum biyu za su ɗaga shi su jefa a mota. Na tsere da yawa ko makulli ba su da shi, kik kawai ake bugawa. Ga shi kayansa na da kasuwa. A lokacin da tanki da kujera ke ƙasa, ka fi kowane lokaci damar shiryawa.

Ɗauki hoton lambar shasi da ta inji, da babur ta kowane gefe, da duk wani tabo ko waldar da shi kaɗai ke da ita, da kai kanka tsaye kusa da shi. Ajiye su tare da rasit ɗin kayan gyara a imel, ba a waya kaɗai ba. Zana lambobi shida na ƙarshen lambar shasi a ɓoyayyun wurare: ƙarƙashin kujera, cikin akwatin iska, cikin rim, ƙarƙashin tanki. Kada ka buga komai kusa da lambar asali ko inda shasi ke ɗaukar nauyi. Ƙara ɓoyayyen maɓallin kashe wuta, a jona shi da wayar maɓallin kashewa ta asali. In za ka sa na'urar bin sawu mai GPS, zaɓi mai batir nata, ka ɓoye ta bayan roba domin ƙarfe na tare sigina, kuma ba ƙarƙashin kujera ba, nan ɓarawo ke fara dubawa. Ƙananan na'urori irin su AirTag na kamfanin Apple suna taimakawa, amma an tsara su su sanar da wayar wanda suke bi, don haka kada ka dogara da su kaɗai. In ana yin inshorar sata a inda kake, tambayi sharuɗɗanta, wasu suna gindaya irin makullin da za a yi amfani da shi.

Mataki na 11: Kullewa da ajiya

Babu sarƙar da injin yankan ƙarfe ba zai yanke ba in an ba shi lokaci. Abin da kake saye shi ne lokaci da ƙara. Sarƙa mai kaurin milimita 16 ta fi ƙarfin almakashin ƙarfe na hannu a mafi yawan lokuta. Zura ta cikin shasi, ba tayar gaba ba, domin noti kaɗan ne ke riƙe da taya. Ɗaure ta da abin da ba ya motsi, mafi kyau zoben ƙarfe da aka dasa a siminti. Kada sarƙa ko kwaɗo su kwanta a ƙasa, nan ake samun wurin bugu da guduma. Ƙara makullin faifan birki mai ƙara, ka maƙala igiyar tuni a hannun babur domin kada ka tashi da shi. Rufe mai, ka lulluɓe babur ko a cikin gareji ne.

Sata da yawa da kallo take farawa. Kada ka wanke shi ko ka tayar da shi kullum a ƙofar gida, kada ka sa hotonsa a Facebook da alamar inda yake kwana, kuma in ka dawo daga hawa ka riƙa duba madubi ko ana bin ka. In ka zo sayarwa, babu gwaji sai cikakken kuɗi da katin shaida na hannunka.

Mataki na 12: In an sace

Awannin farko su ne masu tsada. Je wurin 'yan sanda nan take da lambobi da hotuna da takardu, ka karɓi lambar rahoto a rubuce, ka nemi a shigar da lambar shasi cikin jerin na sata. Sanar da kamfanin inshora a ranar. Ɗauki hoton yankakkiyar sarƙa da sawun taya kafin a taɓa su. Bi maƙwabta da masu kyamarar tsaro a ranar, domin na'urorin kan goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki.

Zagaya lunguna, kangwaye da bayan gine-gine na kusa. Ɓarayi kan ajiye babur a wani wuri na kwana ɗaya ko biyu su ga ko akwai na'urar bin sawu. Raba hotonsa ga makanikai, masu sayar da kayan gyara da ƙungiyoyin mahaya, amma ka riƙe alama ɗaya ko biyu a cikinka, su ne hujjarka. Riƙa duba kasuwannin intanet har na garuruwa masu nisa, kana neman kayansa ɗaiɗai, domin robobi da sitika su ake fara canzawa.

In ka gan shi, ko na'ura ta nuna inda yake, ɗauki hoton allon ka kai wa 'yan sanda, ka bar su su shiga gaba. Kada ka tafi kai kaɗai, kada ka tara mutane ku ɗauki doka a hannu. Wanda yake riƙe da shi ƙila saye ya yi bai sani ba, ƙila kuma yana da makami, kuma babu babur da ya kai ran mutum, naka ko nasa. Wanda ya kira ya ce ka tura kuɗi ya nuna maka inda yake, mai neman cin ka ne karo na biyu.

In Allah ya sa ya dawo, tabbatar an cire lambarsa daga jerin na sata, ka karɓi takardar sakinsa, kada a tsare ka da kayanka. Kada ka hau shi daga nan. Wanda ya sace shi bai damu da mai ko awon haɗi ba, don haka ka koma mataki na 3 ka juye mai da fetur, ka duba matsi da birki da wayoyin da aka yanke, ka canza wurin makulli da kwaɗo, sannan ka sauya inda yake kwana, domin masu ɗaukarsa sun san tsohon wurin.